Sharhi kan ajin koyon firogiramin da na shiga a Mabera

Cibiya ce ƙarama a Mabera, ana zama bayan La'asar. Kuɗinsu da sauƙi, kuma suna da sola, don haka fanka ba ta tsayawa, wanda duk ɗan Sakkwato ya san darajarsa in watan Afrilu ya kama. Tsarinsu a fara da Python, sannan a wuce JavaScript, duka harsunan rubuta firogiram ne.

Zangon Python ba ni da ƙorafi a kansa. Malamin yana da haƙuri, ba ya barin darasi sai kowa ya rubuta da hannunsa. Mun riƙe list, wato jerin abubuwa, mun riƙe dictionary, inda za ka ba da sunan mutum a miƙo maka lambar wayarsa.

Da aka koma JavaScript aka sauya malami, nan kai ya fara ɗaukar zafi. Ya shigo yana ta array, array, yaran ajin suna cika littafi kamar sabon ilimi ne, alhali kusan list ɗin da muka sani ne ya sake riga. Dictionary kuma ya zama object, wani lokaci Map. Ga kuma wani map mai ƙaramin baƙi, wanda aikinsa daban: bin jeri yake yana sarrafa kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Inda Python ke cewa None, wato babu komai, JavaScript na da null da undefined, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba: na farko kai ka ce babu komai, na biyu ba a taɓa zuba komai ba. Da malamin ya ja layi a allo ya jera sunayen gefe da gefe, rabin awa ta isa. Bai yi ba.

Wani ɗalibi daga jami'ar Danfodiyo, wanda ya taɓa wani harshen firogiram mai suna Java, ya fi kowa wahala, domin a Java in ka yanka wa array girma ba ya ƙaruwa, sai ka koma ArrayList. Ya ce, "Malam, to ba Java ce ta haifi JavaScript ba?" Aka yi dariya aka wuce, ga shi kuwa tambaya ce mai kyau. Ba ita ta haife ta ba: duka sun fito a 1995, Java daga kamfanin Sun Microsystems, JavaScript daga hannun Brendan Eich a kamfanin Netscape, kuma LiveScript ake kiran JavaScript kafin a laƙa mata sunan Java da ke tashe a lokacin.

Ni da shafin MDN, mai bayanin JavaScript a intanet, na warware yawancin ruɗanina, kyauta ne, sai dai Turancinsa na son natsuwa.

Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, ya shiga zangon farko, zai ci riba. Zango na biyu kuwa, sai ka tambaya tun kafin ka biya ko malamin Python ne zai ci gaba da ku. Na faɗa wa mai cibiyar haka, ya ce za su duba.