Faifan PS da kwalin gem na kwamfuta mai lamba: wanne ke komawa kasuwa?

Ƙanena, ga yadda na fahimci tambayarka. Ka ga kwalin wasan GTA V na kwamfuta, na hannu, a wani shago cikin Kasuwar Sheikh Gumi. Faya-fayansa sun cika, babu ƙarzuwa, takardar lambar ma tana ciki, kuma kuɗin da aka sallama maka bai kai na faifan PS4 (PlayStation 4) ba. Kana son sanin ko za ka iya saye ka buga a laftof ɗinka, in ka ƙoshi ka mayar kasuwa ka yi musaya da ciko, kamar yadda ka saba yi da faifan PS4.

Kada ka saya. In an taɓa buɗe kwalin, mafi rinjayen zato lambar ta riga ta mutu. Ko da sabo fil ne a ledarsa, daga ranar da ka shigar da lambar ya daina sayuwa a hannunka.

A ido duk kwali ne da faifai da hoto a bango. Abin da ya raba su shi ne inda izinin buga wasan yake zaune. A PS4 da PS5 izinin yana jikin faifan. In ka saka shi, na'urar takan kwashe wasan ta ajiye a cikinta, amma duk sanda za ka kunna sai ta leƙa ta ga faifan na nan. Ka cire shi, wasan ya kulle. Ka miƙa wa maƙwabcinka, ya buɗe a tasa na'urar ba tare da ya nemi yardar kowa ba. Shi ya sa faifai ɗaya zai tashi daga gidan gem a Tudun Wada, ya kwana biyu a Kawo, ya ƙare a hannun wani ɗalibi a Barnawa, kuma kowa ya biya abin da ya dace da lafiyarsa. Mai sayarwa ya rasa wasan, mai saye ya samu, ciniki ya cika.

A kwamfuta kuwa faifan dako kawai yake yi. Izinin yana cikin lambar da aka buga a takarda ko aka manna a cikin murfin. Ta Steam, wato babban shagon wasannin kwamfuta na intanet, galibi haruffa da lambobi 15 ne, kashi uku, biyar-biyar. In ka shigar da ita, kwamfutarka za ta tambayi sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, ta intanet, sabar ta duba ta ga ba a taɓa amfani da ita ba, sai ta rubuta wasan a akawun ɗinka, ta kuma soke lambar har abada. Daga nan ba ka ƙara buƙatar faifan. Ko ka jefar da shi, za ka shiga akawun ɗinka a kowace kwamfuta ka sauke wasan. To shi wanda ya sayi kwalin daga hannunka me ya samu? Katin waya ne da aka kankare aka loda: takardar na nan, lambobin na nan ɓaro-ɓaro, kuɗin kuwa sun daɗe da shiga layin wani.

Da ba haka abin yake ba, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. Wasannin kwamfuta na shekarun 1990 da farkon 2000 su ma suna da lamba, amma shirin da ke cikin faifan ne ke tantance ta, babu ruwansa da intanet. Ka ba wani faifan da lambar, ya girka, ya buga. Waɗanda suka taso da irin waɗannan har yau suna ɗauka lamba abin gado ce. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, kuma da Half-Life 2 ya fito a Nuwamban 2004 sai aka wajabta wa har wanda ya sayi faifai a shago ya yi rajistarsa a Steam kafin ya buga. Mutane sun yi ta ƙorafi, amma hanyar ta zauna. A tsakani an gwada wasu dabaru, kamar Spore na 2008 da aka ƙayyade masa girkawa sau uku kacal da farko. Daga baya kusan kowane babban kamfani ya gina ƙofarsa: EA da manhajarsa, Ubisoft da Ubisoft Connect, Blizzard da Battle.net, Rockstar da tasa. Shi GTA V ɗin da ka gani ya fito a kwamfuta a Afrilun 2015 a faifan DVD guda bakwai, kuma lambarsa ta Rockstar ce, sau ɗaya ake amfani da ita, ta manne da akawun ɗin wanda ya fara shigarwa.

Na san abin da ke jan hankalin mutanenmu ga kwali: data. Wasan da ya haura gigabayit 60, a inda kake lissafin kowane gigabayit kuma wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, faifai ni'ima ne. Sai dai wannan hujjar ta yi rauni sosai a ɓangaren kwamfuta. Abin da ke cikin faifan 2015 tsohon zubi ne, kamfanin ya yi ta gyara da ƙari shekara da shekaru, kuma manhajar ba za ta bar ka ka shiga ba sai ka sauke sabuntawar. Wani lokacin ma babu wasan a ciki sam. Faifan Metal Gear Solid V na kwamfuta, shi ma na 2015, abin da ke cikinsa bai kai megabayit 10 ba, shirin girka Steam ne kawai. Ga shi kuma laftof ɗin zamanin nan yawancinsu ba su da wurin saka faifai.

Kada kuma ka ɗauka ɓangaren PS tsaf yake. Faifan yana komawa kasuwa, gaskiya ne, amma takardun da ke rakiyarsa ba sa komawa. Duk wata lambar ƙarin makamai, ƙarin 'yan wasa ko ƙarin babi da ke cikin kwalin, sau ɗaya ce ita ma. Don haka bugu na musamman da aka buɗe, darajarsa ta koma ta bugun gama-gari, kada dillali ya caje ka kuɗin ƙarin da wani ya riga ya cinye. Waɗannan lambobin kuma suna bin ƙasar akawun. Da yake Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe akawun ɗin PlayStation, mutanenmu kan zaɓi Amurka ko Ingila. Faifan kansa zai yi aiki ko daga ina ya zo, amma lambar da ta fito daga kwalin Turai ba za ta shiga akawun ɗin Amurka ba. Akwai kuma faifan da kusan fanko ne, irin na Call of Duty: Modern Warfare II na 2022, wanda abin da ke cikinsa bai kai megabayit 100 ba. Shi yana sayuwa, don izinin na jikinsa, amma duk wanda ya saya sai ya sauke wasan kacokan. Mafi ciwo shi ne wasan da ba ya tashi sai ya haɗu da sabar kamfani. Ubisoft ya kashe sabar wasan The Crew a ƙarshen Maris 2024, kusan shekara goma bayan fitowarsa, kuma daga ranar faifan PS4 da lambar kwamfuta duk suka zama ɗaya, babu mai buɗewa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025.

'Yancin da kake da shi a kan faifan PS ɗin ma sai da aka kai ruwa rana kafin ya tsira. Daga 2010 zuwa 2013 EA yana saka lamba mai amfani sau ɗaya a kwalin wasanninsa, wanda ya sayi na hannu sai ya ƙara dala 10 kafin ya buga da mutane ta intanet. A 2013 Microsoft ya shirya ɗaure faifan Xbox One da akawun tare da tilasta wa na'urar leƙa intanet kowace awa 24. Masu saye suka yi caa, Sony ya fito ya ce faifan PS4 a ba wa wanda aka ga dama, cikin watan Yunin shekarar Microsoft ya janye. Da an bar shirin ya wuce, da kasuwar musayar da muke ci a Kaduna yau ba ta nan.

Akwai hanya ta uku da Nintendo ya fito da ita tare da Switch 2 a Yunin 2025. Wasu wasannin suna zuwa a kati wanda babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai. Ka saka, ka sauke wasan ta intanet, amma katin ba ya mannewa da akawun ɗinka, kuma dole yana cikin na'urar kafin ka buga. Saboda haka ana ara, ana sayarwa. Kada ka haɗa shi da kwalin Switch da ke zuwa da takardar lamba zalla babu kati. Wannan hukuncinsa na kwamfuta ne, sau ɗaya ya mutu.

Wani zai ce maka ai da sauƙi, a sayar da kwalin haɗe da akawun. A nan nake so ka fi natsuwa, don nan aka fi cutar yara. Na farko, ƙa'idojin Steam da na sauran kamfanonin sun hana sayar da akawun, in suka gano suna iya rufe shi, kuma babu inda za ka kai ƙara. Na biyu, ba a cire wasa ɗaya daga akawun a miƙa wa wani, sai dai a ba da duka. Na uku, wanda ya buɗe akawun ɗin tun farko shi ke da imel na asali da rasidin biya. Bayan wata biyu yana iya rubuta wa kamfanin cewa an yi masa kutse, ya kawo hujja, a mayar masa. Cikin hujjojin da Steam ke karɓa har da hoton lambar da aka taɓa shigarwa a akawun ɗin. Kai da ka biya kuɗi, a idon kamfanin kai ne baƙo.

An kai maganar kotu a Turai. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa ana iya sake sayar da lasisin manhajar kwamfuta. Ƙungiyar masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta yi ƙarar Valve, kuma a 2019 wata kotu a Paris ta ba ta gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da rushewar a 2024, bisa cewa wasan bidiyo ba manhaja zalla ba ce, akwai zane da kiɗa da labari a cikinsa. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye cewa lasisi yake biya. Ni dai ina ganin masu saye ne ke da gaskiya a wannan rigimar: in an karɓi cikakken kuɗinka, ya kamata ka iya miƙa abin ga wani. Amma a yau babu maɓallin yin hakan a Steam.

Ba na so ka tafi da tunanin cewa lamba asara ce zalla. Faifai yana ƙarzuwa, ƙurar hunturu tana lalata idon na'ura, aboki yana ara ya ɓace. Wasan da ke akawun ba ya fuskantar ko ɗaya, muddin ka riƙe imel ɗinka da kalmar sirrinka. Steam yana karya farashi sosai sau da yawa a shekara, har wasan ya faɗo ƙasa da cikon da za ka bayar a musaya. In ka saya kai tsaye a wurinsu, kana da kwana 14 ka mayar matuƙar ba ka buga awa biyu ba, abin da lambar da ka sayo a waje ba ta da shi. Shagon GOG kuma yana sayar da wasanni babu makulli, ka sauke shirin girkawa ka ajiye a ma'ajiyarka, ka buga ko babu intanet, ko da yake su ma ba su halatta sake sayarwa ba. Wanda ke buga wasa ɗaya shekara da shekaru, kwamfuta ta fi masa. Kai da kake gama labari cikin mako biyu ka nemi wani, jarinka ya fi juyawa a faifan PS, sai dai ka lura da na ƙwallo irin EA Sports FC, da sabo ya fito a ƙarshen Satumba na bara yake faɗuwa warwas.

Su 'yan kasuwarmu, da yawansu ba da gangan suke yi ba. Kwali ne ya zo cikin kayan gwanjo, sun ga faifai na ƙyalli, sun sa masa kuɗi. Amma wanda ya sani ya yi shiru, algus ya yi, don aibi ne da ido ba ya gani. In mai tara kwalaye don sha'awa yana so, a sayar masa a matsayin kwali, a faɗa masa.

In ka koma shagon, juya bayan kwalin ka duba ƙananan rubutun ƙasa. In ka ga tambarin Steam, ko an ce sai da intanet da akawun kafin a kunna, to mai lamba ne. Ka duba kuma ko an taƙaita shi ga wasu ƙasashe, don akwai lambobin da ba sa shiga sai a yankin da aka sayar da su. Leda ba hujja ba ce, injin liƙe ta ba wuyar samu yake ba. Kuma mai saye ba shi da hanyar gwada lamba ba tare da ya cinye ta ba. Saboda haka in mai shagon ya rantse ba a taɓa amfani da ita ba, ka je da laftof ɗinka da data, ku yi sharaɗi a gaban shaida: za ka shigar da ita a akawun ɗinka nan take, in wasan ya bayyana ka biya, in aka ce an riga an yi amfani da ita ka ajiye masa kayansa. In ya ce sai ka biya kafin a buɗe, ka yi masa sallama ka wuce.