Model M ko Ƙaramin Kibod: Zaɓin Mai Rubuta Manhaja a Abuja

Mai rubuta manhaja da ke wuni a gaban baƙin allon umarni yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu idan zai sayi kibod. Na farko shi ne Model M, wanda IBM ya fitar a 1985, kuma kamfanin Unicomp na Amurka ke ƙera irinsa. A ƙarƙashin kowane madanni akwai siririn sifirin da ke lanƙwashewa ya yi ƙara, sai yatsa ya tabbatar harafi ya shiga. Nauyinsa ya kusa kilo biyu, ƙararsa kuwa takan dami abokan aiki a ƙaramin ofis a Wuse.

Na biyu shi ne ƙarami mai madannai kusan 60, wanda mutum ke haɗawa da hannunsa, kuma shi ya fi kwanta mini a rai. Da QMK, manhajar da ke sauya aikin madannan kibod, ana mayar da Ctrl gefen harafin A, a sauko da Esc kusa da ɗan yatsa, kamar yadda suke a na'urar ADM-3A, wani allo mai kibod da ake jonawa da kwamfuta, wadda Bill Joy ya rubuta manhajar gyara rubutu ta vi a kanta a 1976. A na'urar nan kibiyoyi suna kan H, J, K da L, shi ya sa masu Vim, magajiyar vi, ke tafiya da su cikin rubutu har yau. Idan ƙurar hunturu ta shiga wani makunni na ƙarƙashin madanni ya fara maimaita harafi, a kan kibod ɗin da ba a liƙe makunnansa da dalma ba, zare shi kawai ake yi a sa sabo. Sai dai rashin madannan kibiya a ƙaramin kibod yakan ɗauki makonni kafin hannu ya saba.