Rediyo mai sola da na saya ma Baba a Kasuwar Dole

Wata biyu ke nan da na saya ma Baba wani rediyo ɗan China a Kasuwar Dole nan Damagaram, jikka tara bayan doguwar tayawa, irin mai ɗan faranti na sola a bayansa da fitila a gefe. Na ce bari in faɗa ma ku abin da na gani tunda mutane da yawa na tambayata a kai.

Sauti dai ba laifi wallahi, yana da ƙarfi, in an kunna a zaure har cikin gida ana ji. Batir ɗin in ya cika da kuran, wato wutar lantarki, yana kwana biyu, amma solar nan kar ku dogara da ita, wuni guda a rana abin da take tarawa bai wuce na labarun safe da na dare ba. Gara da ya zamana yana ɗaukar pil ma.

Inda muka sha wahala shi ne wajen kama tasha. Baba tun yana saurayi da mita ya san rediyo, shi dai ya ce kama mini mita 19, ko mita 25, kamar yadda masu BBC da Muryar Jamus suka saba faɗi a gajeren zango, to wannan rediyon ba a rubuta mita ko ɗaya a fuskarsa ba sai MHz kawai, 9, 12, 15, 18. Ranar farko ya murɗa ya murɗa ya ajiye ya ce an cuce ni. Na koma wurin mai shagon, mutumin kirki ne ya ce in ina so ya canza mini amma shi ma bai san yadda lambobin suke ba.

Sai na tuna abin da malamin fizik ya koya mana a lise. Igiyar rediyo duk gudunta ɗaya ne, gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Mita ɗin da Baba ke faɗi tsawon igiya ɗaya ne, MHz kuma sau miliyan nawa take kaɗawa a sakan, in ka ninka wannan da wancan dole gudun nan ya fito. Kamar raƙumi da jaki ne a ayari ɗaya, tare suke tafe ba wanda ya bar wani, raƙumi takunsa dogo bai da yawa, jaki gajere amma ƙafa ba ta hutawa. Shi ya sa in mita ta yi sama MHz sai ta yi ƙasa. Lissafin ba wuya, raba 300 da mitar. Mita 25 ta ba ka 12, mita 31 wajen 9.7, mita 19 kusa da 15 da wani abu. Sunayen mitocin ƙiyasi ne, sai ka ɗan murɗa hagu da dama. Na yanko takarda na rubuta na manna a saman gilashin, Baba ya duba ya ce yawwa yanzu ka kawo rediyo.

A nan na gano aibin da ya fi ba ni haushi, allurar ba ta tsaya daidai ba, tashar da ya kamata ta fito a 12 sai ka same ta can wajen 12 da rabi. Ga tsoho mai raunin ido wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da sun so gyarawa ba zai ci musu komai ba.

Eriyar ma gajera ce, ba ta kai santimita 60 ba. Ga FM ta wadatar, don a 100 MHz igiyar mita 3 ce kacal, rubu'inta santimita 75, eriya kuwa ta fi kamawa in tsawonta ya kusa rubu'in igiyar, Anfani da sauran tashoshin gari tas suke fita. Amma mita 31 rubu'inta ya kusa mita 8, ina wannan ɗan tsinken zai kai. Na samo waya doguwa na ɗaura a kan eriyar na rataya a bishiyar dogon yaro, shuuu ɗin nan ya ragu sosai. Kuma da rana mita 16 da 19 sun fi fita, in dare ya yi sai a koma 31 ko 41, wannan ba laifin rediyon ba ne, yanayin can saman sararin da ke maido igiyar ƙasa ne ke canzawa in rana ta faɗi.

In a cikin gari kake FM kawai kake so, saya abinka ba za ka yi nadama ba. In kuwa ƙauye za a kai shi can bayan Tanut ko Gure inda FM ba ta isa sosai, dan Allah ka kunna shi a shagon ka gwada allurar kafin ka biya, ka haɗo da waya mita goma. Kuma kar a saurara yana jone da caja, ƙara yake yi kamar ana soya ƙosai.