Garejin da ya gyara mini giyabos da taransifar tsohuwar Defender

Motata Land Rover Defender 110 ce ƙirar 1992, mai injin dizal 200Tdi, kuma shekara tara ke nan tana hannuna. Wata ƙara ce ta kai ni wannan garejin. Duk sanda na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa, sai in ji ƙwas daga ƙarƙashin kujera, kamar an saki guduma a kan ƙarfe. Da farko sai da kaya take yi, daga baya ko ni kaɗai ne a ciki. Ga giya ta biyu tana gurza da safe kafin mota ta ɗumama, ga ɗigon mai duk inda ta kwana, birkin hannu kuma ya daina riƙe ta a gangara.

Wurare biyu na fara zuwa. Na farko suka canza mini gaɓoɓin farfela, ƙarar tana nan daram. Na biyu ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba, ya ce in nemo giyabos na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, a ɗora. Wani abokina mai irin motar ne ya kwatanta mini wuri na uku, inda tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu kawai ake taɓawa.

Mai garejin dattijo ne, ba shi da yawan magana. Bai ɗauki sifana ba sai da ya zauna a gefena na tuƙa, sannan ya karɓi sitiyari shi ma ya zaga. Da muka dawo ya hau da ita kan rami, ya kama gangar birkin hannu yana juya ta hagu da dama yana saurare. Daga nan ya kwance wani zagayayyen murfi a bayan akwatin raba ƙarfi, wanda makanikai ke ce wa taransifa, ya zaro giyar da ke karɓar ƙarfi daga giyabos. Ya laƙato wani jan gari mai danƙo da yatsa, ya ce, "Malam, sauko ka gani da idonka."

Abin da na gani ke nan. Giyabos ɗin motar, LT77 mai giya biyar, yana da babban shaf da ke fitowa ta bayansa ya shige cikin taransifar, LT230. A bakin shaf ɗin akwai ƙananan haƙora dogaye da ke sarƙewa da na cikin waccan giyar, kuma duk ƙarfin injin ta nan yake bi kafin ya rabu zuwa ƙafafun gaba da na baya. Bayan shekara talatin da ɗoriya na aiki, haƙoran da ya kamata su kasance masu faɗin kai sun sirance sun koma kamar bakin wuƙa. Jan garin nan ƙarfensu ne da ya cinye ya yi tsatsa. Na ce, "Baba, zuwa yaushe za ta kai ni a haka?" Ya ce ba zai yanke mini rana ba, amma ranar da suka ƙarasa cinyewa inji zai yi ta kuka, giya ta shiga, motar kuwa ko motsi ba za ta yi ba. Ni da nake shiga inda babu mai janyo ni, maganar ta shige ni.

Tun daga nan na yarda da shi, domin cikin awa ɗaya ya nuna mini cutar a tafin hannunsa. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa aikin ba ƙarami ba ne: canza wannan shaf yana nufin a sauke akwatunan biyu, a warware giyabos ɗin kaf. Na tambaye shi ko in koma R380, giyabos ɗin da ya maye gurbin LT77 a 1994. Ya ce yana yiwuwa, sai dai dole a samo wanda ya dace da tsayin wurin a motata, kuma na hannu ba ka san abin da ke cikinsa ba sai ka buɗe. Shawararsa a gyara nawa. Ya rubuta mini lissafi a takarda, kuɗin kaya daban, na aiki daban, kuma a ƙarshe abu ɗaya kawai ya ƙaru, shi ma sai da ya nemi izinina.

Ranar da aka buɗe giyabos ina wurin. An shimfiɗa komai a kan tebur mai tsabta, bi da bi yadda aka ciro shi. Zoben tagullar da ke daidaita gudun giya ta biyu kafin ta shiga ya suɗe, shi ne mai gurzar nan ta safe. Man da ya tsiyayo kuwa mai kauri ne, mai warin man aksul. Baba ya girgiza kai. Shi LT77 siririn jan mai yake sha, irin na giyar otomatik, Dexron, kuma akwai ɗan famfo a cikinsa da ke zagaya da man. Mai kaurin, EP90, na taransifa da aksul ne. Wani wurin da nake canjin mai ne ya riƙa zuba iri ɗaya a duka, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Abin ya yi mini ciwo, don da na sani da zoben nan ya ƙara shekaru. Duk mai irin wannan motar ya tsaya a kan mai canza masa mai ya ga abin da ake ɗurawa a kowane akwati.

A taransifar ne na fi ganin gwanintarsa. Sabuwar giyar da ya saka mai huji ce ta gefe, yadda mai zai riƙa ratsawa yana jiƙa haƙoran shaf, kada su sake bushewa. Ɗigon man kuma ashe daga wuri biyu yake. Sil ɗin baya ya mutu, mai yana zuba cikin gangar birkin hannu, wadda a wannan motar a bayan taransifa take, shi ya sa birkin ya daina kamawa. Na biyun ya fi wuya: ramin da shaf na tsakiya ke zama a jikin akwatin, da yake alminiyon ne, ya buɗe ya daina zama da'ira, ko ka sa sabuwar roba sai ta sake yoyo. Wani zai cika wurin da gam ya sallame ka. Shi ya kai akwatin wurin masu injin yankan ƙarfe aka faɗaɗa ramin aka dasa masa hannun riga na ƙarfe. Wannan ne abin da ya ƙaru a lissafi, kuma ban yi da-na-sanin biya ba.

Na kuma ga yadda yake ɗaure boris. Ba ya aiki da "ya yi daidai" na hannu. Agogon awo yake kafawa, ya gwada, ya canza siririn wasa, wato zoben ƙarfen da ke cike gibi, ya sake gwadawa, har sau huɗu a wuri ɗaya ina tsaye. Ya ce in boris ya matsu da yawa zai yi zafi ya ƙone, in ya yi sako-sako kuma giya za ta yi ta kuka. Ya canza wasoshin difaranshar tsakiya, wadda ke cikin taransifa tana raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya sa sabon kuloci da cokalinsa tun da an riga an buɗe wurin.

Na so ya sa mini giyoyin taransifar Discovery, wata ƙirar motar Land Rover, masu rabon 1.222 a maimakon 1.410 na Defender, don inji ya rage kuka a doguwar hanya. Ya tambaye ni irin kayan da nake ɗauka, da na faɗa masa sai ya ce in bar ta yadda take, in ba haka ba kullum ina sauko da giya a hawa. Na ji haushi a ranar. Yanzu da nake hawa tudu da kaya a giya ta huɗu, na san ya fi ni gaskiya.

Inda suka gaza shi ne lokaci da waya. Kwana goma aka ce mini, sai da motar ta yi ashirin da huɗu. Na san jiran kaya da aikin masu yankan ƙarfe ne suka ja, amma ba wanda ya kira ya gaya mini, kuma in na kira sau biyar da kyar a ɗauka sau ɗaya. Ga wanda motar ce abin neman abincinsa, sati biyu ba tare da labari ba babban abu ne, kuma na faɗa wa Baba haka a gabansa. Bai yi musu ba, ya ba da haƙuri. Yaransa kuma sun bar kusoshi biyu na farantin ƙasan motar ba su mayar ba, sannan bayan mako guda na ga danshin mai inda wayar sifidomita ke shiga. Na koma, ya canza 'yar robar wurin nan take, bai karɓi komai ba.

Da zan tafi ya ba ni tsofaffin kayan a kwali, ya ce in dawo bayan kilomita 1,000 a zubar da man a duba ko akwai garin ƙarfe. Ya kuma ja mini kunne kada in kulle difaranshar tsakiya a kan kwalta, domin motar dama kullum da ƙafa huɗu take ja, kullewar ta yashi da taɓo ce, a busasshiyar hanya murɗe ƙarafan kawai take yi.

Wata bakwai ke nan. Ƙarar ta tafi, giya ta biyu tana shiga da yatsa biyu ko da sanyin asuba, ƙaramar giyar taransifa tana shiga ba gardama, inda motar ke kwana kuma a bushe yake. Mai sauri kada ya je wurin. Wanda yake son ya riƙe tsohuwar motarsa wasu shekaru ya je, amma ya riƙa leƙawa da ƙafarsa, kada ya dogara da waya. Aksul ɗin baya ya fara ɗan kuka in na wuce 80, kuma na riga na karɓi rana a wurin Baba a wata mai zuwa.