Ɗakin da ba kowa a ciki: haya, shago ko ma'ajin wake?

A gidaje da yawa na Maradi akwai ɗaki guda da aka bar wa tsofaffin katifu da gizo-gizo, ko don ɗiya ta yi aure ko don yaro ya tafi Yamai karatu. Abubuwan da ake yi da irin wannan ɗaki ba su wuce biyar ba.

Haya ta fi sauƙi, tunda ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kullum suna neman ɗaki, amma baƙo ne za ka sa tsakar gidan iyalinka a raba makewayi da famfo, kuɗin wata kuma sai an bi shi. Shago sai ɗakin da ya kalli titi, kuma sai an fasa bango, an sa ƙofar ƙarfe, an biya haraji. Ƙanƙara da kiwon kaji a bar su: ɗaya tana narkewa ranar da wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, ɗayan kuma warinsa zai kori mutanen gida.

Ajiyar wake ita ce ta dace da garin nan. Ana sayensa da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da manoman Mayahi, Tasawa da Dakoro ke zubo shi kasuwa da araha, a fitar da shi gab da damina. Ɗaki mai mita 4 kan 4 zai ɗauki buhu 40 zuwa 50 ba matsi, buhun kilo 100 kuwa tiya 40 ne a lissafin kasuwa. A fara da gyaran ɗakin: a duba rufin kwano da rana, duk inda haske ya ratso nan ruwa zai ɗigo. A toshe ramukan ɓera da siminti, a sa waya mai ƙananan idanu a taga. Buhu ba ya kwana a daɓe. A shimfiɗa katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15, a bar rabin mita tsakanin kaya da bango don gara da raɓa, kuma mutum ya iya zagayawa.

Sai abin zubawa, nan ne ake cin riba ko asara. Jarka mai lita 20 tana da kyau ga cin gida, sai dai tiya 6 ko 7 kawai take ɗauka. Gangar ƙarfe ɓera ba ya iya mata, amma tana da tsada, kuma in murfin bai kama ba aikin banza ne. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN (cibiyar binciken noma ta Nijar) na nan Maradi suka yi aiki a kansa, ya fi su duka. Rufi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. Ba a zuba magani. Ƙwaron da ya shigo da waken shi ke shaƙe ɗan iskan da ya rage, ya daina hayayyafa ya mutu. Ana cika ledar farko, a matse iska, a murɗe bakin, a lanƙwasa a ɗaure. Ta biyu haka, buhun waje haka, kowanne da ɗaurinsa. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure wuri ɗaya ya ɓata aikin. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe. In ba a huda shi ba, buhu ɗaya zai yi kaka uku.

Amma jabu ya cika kasuwa. Za a nuna maka buhu mai rubutu a jiki, ledar ciki kuwa shara-shara kamar ta ɗaurin sukari, ko leda ɗaya tak, ko tsohuwa da aka wanke aka naɗe. Kafin ka biya, zaro kowace leda, kaɗa ta ta cika da iska, ka damƙe bakin ka danna. In ta saɓe, akwai huji, ko da idonka bai gani ba. Duba gindin inda aka liƙe da wuta, nan ta fi yagewa. Ta gaskiya tana da kauri a hannu, ba ta miƙewa in ka ja ta da yatsa. Arahar da ta yi yawa ma shaida ce.

Waken kansa ana ha'inci a ciki: a yayyafa masa ruwa ya yi nauyi, a sa tsohon na bara a gindin buhu sabo a bisa, a auna maka da tiyar da aka buga wa gindi. Sa a juye buhun gabanka a kan tabarma. Ciji ƙwaya ɗaya. Busasshe fashewa yake da ƙara, mai danshi kuwa haƙori ke nutsewa, kuma shi ne zai yi fumfuna cikin leda. A ƙara shanya shi, a sheƙe, a bari ya huce kafin a zuba.

Ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin da ake jefawa cikin buhu kada ta shigo gidan da ake kwana. Iskar da take saki tana bin tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, tana kashe mutum cikin barci, yara ne kuma farkon faɗuwa. Aikin sito ne na nesa da gida.

Farashi ma ba alkawari ya yi ba. Yawancin waken nan zuwa Nijeriya yake tafiya ta Dan Isa da Jibiya, don haka faɗuwar naira ko rufe iyaka, irin na Agustan 2023 zuwa Maris 2024, suna iya barinka da kaya. Shekarar farko a tsaya a buhu 10, kuma da kuɗin da ba na bashi ba.