Hitar injin da na sa wa motata a Winnipeg, ga abin da na gani bayan sanyi guda

Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Maris nake son rubuta wannan sharhin, saboda ƴan uwanmu da suke sauka Kanada lokacin zafi su sayi mota suna ganin komai lafiya lau, ba su san abin da ke jiransu a Janairu ba. Ni ma haka na yi. A watan Agusta na sayi fikof ta hannu, irin manyan nan ƙirar Amurka masu injin V8 mai shan fetur, ta fi Hilux girma sosai, ina ɗaukar kayan aikin gyaran gidaje da ita. Daga wajen Vancouver aka kawo ta, can kuma sanyinsu bai kai ya kawo ba, motoci da yawa ba a sa musu hitar inji. Na duba taya, na duba birki, na duba ƙasanta ko akwai tsatsa, amma ban leƙa gabanta na nemi ƴar wayar nan da ke leƙowa a kusan kowace mota ta garin nan ba, don ban ma san amfaninta ba.

Ranar da na sani wata safiya ce a Disamba, sanyi ya kai digiri 29 ƙasa da sifili. Ƙarfe shida da rabi nake fita, gari da duhu don a wannan lokacin sai bayan takwas rana ke fitowa. Na murɗa makulli, injin ya yi wani nishi a hankali sau biyu, a na uku sai ƙas-ƙas kawai. Maƙwabcina ne ya zo da wayoyin batir ya tayar min, na makara wurin aiki, raina a ɓace. Da yamma na kira wani babban yayanmu ɗan Zariya da ya haura shekara ashirin a nan, ban gama ba shi labari ba ya ce "ka jona ta kuwa da daddare?" Na ce Yaya jona me? Ya ce in je gaban motar in duba in akwai filogi. Babu. Ya ce to ranar Asabar in zo gidansa da ita, garejinsa akwai ɗumi.

Ga wanda bai san abin ba, ku tuna hitar da muke tsomawa a bokiti lokacin hunturu a gida don ɗuma ruwan wanka. To ita ce dai, sai dai ƙarama ce, ƙarfen nata bai fi ɗan yatsa a lanƙwashe ba, kuma maimakon bokiti a cikin jikin injin take zama, inda ruwan lagireto ke zagayawa kewaye da fistin. Ka jona ta da wutar gida mai ƙarfin volt 120, ta ɗuma ruwan da ke kusa da ita, ruwan zafi ya yi sama mai sanyi ya sauko, a haka ba famfo ba komai har gangar injin gaba ɗaya ta ɗauki ɗumi. Dalilin da ya sa ake buƙatarta kuwa, a irin wannan sanyin baƙin mai yana yin kauri kamar man shanun da ya daskare, kik sai ya sha wahala kafin ya juya injin, batir shi ma ƙarfinsa ya ragu sosai a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, fetur kuma ba ya saurin zama tururi ya kama wuta. Ko da motar ta tashi ma, daƙiƙun farko kafin mai ya hau sama ƙarfe na gogar ƙarfe ne, nan injin yake cin kansa. Masu dizal tasu ta fi tamu tsanani.

Wajen saye ne na fara koyon darasi, don ba kowace hita ke shiga kowane inji ba. Akwai wadda ake cire ɗaya daga cikin marafan ƙarfen nan da ke jikin injin a sa ta a gurbinsa da zoben roba, akwai mai zare da ake murɗawa kamar noti, akwai kuma wadda ake zurawa a wani rami busasshe ba sai an zubar da ruwa ba, ita ce mafi sauƙi in motarka irinta ce. Na ga wata mai maganaɗisu da ake mannawa a ƙasan kaskon mai, ta fi arha, na so in ɗauka, mai shagon ya ce in fara duba kaskon nawa, in na alminiyom ne ba za ta kama ba. Na alminiyom ne kuwa. Na ba shi shekarar motar da girman injin, ya ciro min mai zare, wat 600, kuɗinta da wayarta bai kai dala 100 ba. Na haɗa da galan biyu na ruwan lagireto.

Aikin kansa, a takarda abu huɗu ne ko biyar, a ƙasan mota kuwa awa uku muka yi. Mun bari injin ya huce tukuna, muka cire kan batir, muka ɗaga ta da jak muka sa mata ƙafafun ƙarfe, Yaya ya ce shi ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ko da na minti ɗaya ne. Muka tsiyaye lagireto a roba. A nan ku kula, ruwan nan guba ne kuma yana da zaƙi-zaƙi, yaro ko kyanwa in suka sha zai iya kashe su, mu a jarka muka juye muka rufe muka kai inda ake karɓarsa. Sannan ko ka tsiyaye lagireto tas akwai sauran ruwa da yawa a cikin gangar injin, kana kwance murfin zai zubo, don haka ka sa roba a ƙasa ka kawar da fuskarka ka sa tabarau.

Murfin nan shi ya cinye mana rabin lokacin. Tunda aka ƙera motar ba wanda ya taɓa shi, ya kafe, wurin kuma matsattse hannu da ƙyar yake shiga. Mun fesa masa man sassauta tsatsa muka jira, muka ƙara wa sifanar dogon bututu, ina riƙe da kanta kada ta zame ta cinye ramin, Yaya yana ja a hankali yana bismillah, can muka ji ya saki. Bayan nan komai ya zo da sauƙi, muka goge zaren tsaf, muka murɗa hitar da hannu tukuna don kada ta hau a karkace, sannan muka ɗaure daidai yadda takardar ta ce ba tare da wuce gona da iri ba. Wayar ce ta fi buƙatar natsuwa, dole ta bi hanyar da ba za ta taɓa bututun hayaƙi ba, ba kusa da fanka ko bel ba, muka ɗaure ta wuri-wuri har ta fito ta gaba. Da na ɗauko filogin zan gwada Yaya ya riƙe hannuna ya ce "ƙanena tsaya, ka taɓa jona hita a bokitin da ba ruwa?" Haka take, in ba ta nutse cikin ruwa ba nan take za ta ƙone. Sai da muka cika ruwa, muka tayar da injin ya yi zafi iskar da ta maƙale ta fita, muka ƙara ciko, muka haska tocila muka tabbatar ba ɗigo. Kafin mu jona ya sa mitar gwajin wuta a bakin filogin ta nuna wajen ohm 24, ya ce daidai ke nan ga mai wat 600, in ka ga mita ba ta nuna komai ba to ko wayar ta tsinke ko hitar ta mutu. Da muka jona na kasa kunne na ji wani ɗan siii kamar butar shayi ta fara ɗaukar zafi.

Sakamakon fa? Wallahi ban yi nadamar ko santi ɗaya ba. A Janairu akwai safiyar da muka tashi da 33 ƙasa da sifili, irin sanyin da gashin hanci ke daskarewa kana fitowa, na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya kamar a Agusta, babu wannan ƙarar kwas-kwas ta sama da take yi a da. Iskar ɗumi ta cikin mota ma tana zuwa da wuri, kafin in fita layinmu gilashi ya fara washewa, da kuwa sai na yi nisa ina tuƙi da safar hannu biyu. Duk sanyin bana ba ranar da ta ƙi tashi in dai na jona ta.

Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma gara in faɗa. Wayar da ta zo a kwalin ba ta da kirki ko kaɗan. Gajera ce, robarta kuma da sanyi ya tsananta sai ta sandare kamar kara, zuwa Fabrairu ta tsage daidai wuyan filogin har ina hango jan ƙarfen ciki, murfin da ke rufe bakinta ma ya faɗi tun makon farko, gishirin da ake zubawa a titi ya fara cin haƙoran. Wannan ya tsorata ni, don hukumar inshorar motoci ta Manitoba, lardin da Winnipeg take ciki, takan yi gargaɗi cewa irin wayoyin nan da suka tsage suna jawo gobara a mota, kuma motata dab da tagar ɗakin yara nake ajiye ta. Ran da na gani ban ƙara jonawa ba sai da na sayo wata mai kauri na canza, sa'ar da aka yi ana cire wayar daban ba sai an taɓa hitar ba. Kamfanin da zai yi abu don sanyi ya kamata ya san wayar ma a sanyin za ta kwana.

Na biyu, kada wani ya ɗauka ta gama masa komai. Injin kawai take ɗumawa. Batirina da ya riga ya tsufa sai da na canza shi, don ran da na ajiye motar awa tara a inda babu soket da ƙyar ta tashi. Giya ma da safe tana nan da nauyinta, sai ka tafi a hankali na ƴan mintuna.

Sai maganar wuta. Makonnin farko tun ƙarfe takwas na dare nake jonawa har safe, ina ganin yawan daɗewa yawan ɗumi. Ashe bayan kamar awa huɗu injin ba ya ƙara wani zafin kirki, abin da ke shiga shi ke fita, iska ce kawai kake ɗumawa. Ku lissafa, wat 600 sau awa 10 yunit 6 ke nan kowane dare, a wata 180. Na sayi ƴar taima ta waje na saita ta ta kunna ƙarfe uku da rabi, awa uku, yunit 54 a wata, kuma ban ga bambanci wajen tashin motar ba. Wutar Manitoba tana da arha, kusan santi 10 ne yunit, to amma ɓarna ba kyau ko da arha ne. Ni in hasashen yanayi ya nuna za a kai 15 ƙasa da sifili nake jonawa, in bai kai ba ina barinta.

Wasu ƙananan abubuwa da na tsinta a hanya. A wuraren ajiye mota na ma'aikatu da gidajen haya za ka ga sanduna masu soket, da yawansu ba kullum suke ba da wuta ba, suna kunnawa suna kashewa gwargwadon sanyin, don haka ka sayi doguwar waya mai ɗan haske a baki ka riƙa ganin ko akwai wuta. Wasu motocin kuma wayarsu ta asali tana da na'urar da ba ta barin wuta ta wuce sai sanyi ya kai 18 ƙasa da sifili, wani abokin aikina ya ɗauka tasa ta lalace ashe lafiyarta ƙalau. Sannan mantuwa, mutum yana sauri ya ja mota da wayar a jone, ya fizge soket ko ya lalata filogin. Dabarar da Yaya ya koya min ita ce in rataya wayar a kan madubin gefen direba, ba yadda za a yi in buɗe ƙofa ban ganta ba.

Abin da ya burge ni, ashe ba nesa da mu aka ƙirƙiro hitar inji ba. Wani injiniya ne mai suna Andrew Freeman a Grand Forks ta jihar North Dakota a Amurka, tafiyar awa biyu da wani abu kudu da nan, ya samu takardar mallakar fasahar a 1949. Kafin nan mutane garwashi suke turawa ƙarƙashin mota ko su kwara mata ruwan zafi da asuba. Duk safiyar da motata ta tashi ina tuna wahalar da mutanen nan suka sha.

In za a ce in ba da maki, hitar kanta biyar cikin biyar, wayar kwalin ɗaya. Wanda yake Manitoba, Saskatchewan ko Alberta kuma motarsa a waje take kwana, ya je yau ya leƙa gabanta ko cikin bonet, wani lokacin wayar tana nan a naɗe an cusa ta gefe. In babu, a sa a Oktoba kafin layi ya yi tsawo a gareji, in kuma ba ka da wuri mai ɗumi da kayan aiki da wanda ya taɓa yi, ka kai wa makanike, ba aikin da za a kwanta a kan ƙanƙara a yi ba ne. Motar uwargida ce ta rage, tata irin ta busasshen ramin ce, na riga na sayo hitar tana cikin akwatin kayan aiki, da ganye ya fara zuba in sha Allah zan sa mata.