A hana takarda baki ɗaya, ko a shafe sunaye a miƙa?

Ɗan jarida ya rubuta wa ma'aikata yana neman takardun wata kwangila. Da jami'i ya buɗe fayil, sai ga kuɗin aikin da sunan kamfani, amma haɗe da lambar wayar wata ƙaramar ma'aikaciya da takardar asibitin da ta kawo lokacin neman hutu. Hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya hana duka, ya fake da kare sirrin mutane. Ba wahala, kuma asirin kowa a rufe. Sai dai da wannan hujja ake binne almundahana, abin da ke ci mini rai ke nan, domin kuɗin jama'a ne.

Ta biyu ta fi cin lokaci, amma ita na fi so. A bi shafi-shafi, a rufe lambar waya da bayanin rashin lafiya, a miƙa sauran. Sunan babban jami'in da ya sa hannu kuwa a bar shi, ai aikin hukuma ya yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta Najeriya ta 2011 ta keɓe bayanan mutum a sashe na 14, sashe na 18 kuma ya ce a fitar da ɓangaren da za a iya warewa. Kwana 7 ta ba hukuma ta amsa wa mai neman takarda, ta Birtaniya ta 2000 kuwa ranakun aiki 20.

Shafewar ma sai da kula. In baƙin layi kawai aka ɗora a kwamfuta, ana iya kwafe rubutun da ke ƙarƙashi. In kuma mace ɗaya ce tak a sashen, cire sunanta bai ɓoye ta ba.